Maganar Gwaggo Marka Tana Kan Shafin

Anka,
Talata, 16 ga Oktoba, 2018.

Zuwa ga Yaya Auwalu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Inna na tsaye a kaina tun kafin in cire murfin biro, tana jera mini abin da zan faɗa maka, don haka bari in sauke nata tukuna. Ta ce in gaishe da mutumin can, wato kai, don har yau da kake neman shekara arba'in bakinta bai yarda ya kama sunan ɗan fari ba. Ta ce tana roƙon Allah ya ƙara maka lafiya, ya kawo ƙarshen karatun nan da ba ya ƙarewa, ya maido ku gida tana da sauran ido. Ta ce gero ya yi kyau bana, dawa ake jira, ƙafarta kuma ta yi sauƙi tun ranar da ta daina sauraron likita ta koma wa man shanu. Ta ce in tambaya ko Usama ya fara jin Hausa, ko har yanzu da yaren mutanen Malesiya yake roƙon abinci. Ga shi na rubuta duka. Ni ma ina gaishe ka, ina fata wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Nusaiba da yaron. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Yanzu ta koma wajen murhu. Ko da ta tsaya ma ba ta karanta boko, tsawon gaisuwa kawai take aunawa da ido. Abin da ke biye ban faɗa mata ba, kuma ina roƙonka ka karanta har ƙarshe kafin ka fara yi mini faɗa a zuci. Buƙatata ɗaya ce: ka shiga rumbun shafina na intanet ka goge shi gaba ɗaya, yau ɗin nan, kada Alhamis ta same shi a raye. Rayuwar Gwaggo Marka ce a kai. Na kira lambarka har na haddace muryar matar da ke cewa ba a samunka, kuma Anti Nusaiba ta gaya mana tun watan jiya cewa ka cire wasap sai ka miƙa kundinka. Ba zan rubuta wannan magana a waya ba, don a shingen 'yan sa-kai ana karɓar waya a karanta saƙo, su ma waɗancan masu tare hanya suna karantawa, kuma ba sa neman izini. Sa'a 'yar Baffa Audu za ta shiga Gusau yau. Ita za ta ɗauki hoton takardar ta tura wa Anti Nusaiba, sannan ta yayyaga ta.

Ka tuna zuwanka hutu shekara uku da suka wuce, da na ce maka ina son wurin ajiye labaran matan ƙauyukan da gubar dalma ta yi wa ɓarna. A ofishin lafiya na ƙaramar hukuma aikina cike fom ne, fom kuwa ba shi da gurbin abin da mace ke faɗa bayan an rufe biro. Kai ka hana ni irin bulog ɗin da kowa ke buɗewa. Ka ce waɗancan kamar mai sayar da tuwo suke, sai baƙo ya zauna ake hura wuta, ga shi sabis ɗin Anka sai ya ga dama yake leƙowa. Ka sa mini manhajar da ke gina shafuka tun a kan kwamfutata. In rubuta labari a fayil, in ba ta umarni, ta gasa komai lokaci guda kamar hoce, ni kuma in kwashe in jera a rumbun da ka kama mana, duk wanda ya zo ya ɗauka ya wuce. Ka ce ba abin da zai lalace a ciki, ba ƙofar da ɓarawo zai fasa, shafi ne da zai zauna ko bayan ranmu. Da alfahari ka faɗi wannan. Tun jiya kalmomin ke yawo a kaina.

Bayan tafiyarka na zauna na yi wa shafin ado kamar ɗakin amarya. Rigar da ya zo da ita fara ce fat irin ta asibiti, na mayar da ita launin jar ƙasarmu. Haruffanmu masu lanƙwasa suna fitowa kamar ƙananan akwatunan ashana, na yi mako uku ina neman salon rubutun da ya san su. Na cire hotuna, na cire duk wani abu mai nauyi, har sai da shafin ya zama yana buɗewa a ƙaramar waya mai sandar sabis ɗaya. A bayan tasha na je na gwada, da wayar mai sayar da rake. Sannan na koya wa manhajar ta riƙa lura da sunan ƙauyen kowane labari, ita da kanta ta gina wa kowane ƙauye shafinsa. Ranar da wannan ya yi aiki na yi ta murmushi ni kaɗai, har Inna ta tambaya ko miji na samu. Akwai kuma gyara na ƙarshe, wanda ban taɓa gaya maka ba don na san za ka yi tsaki. A umarnin ɗora shafuka da ka rubuta mini, akwai sashen da ke share tsofaffin fayiloli daga rumbu. Yana cin data, yana cin lokaci, sabis kuma kullum a tsakiyarsa yake yankewa. Sai na cire shi. Na bar umarnin yana zubawa kawai, ba ya kwashewa. Na ɗauki kaina mai dabara.

Bayan babbar Sallah na je Tungar Dikko gaishe da Gwaggo Marka. Ka san ƙanwar Baba da baki, tsufa bai rage mata komai ba sai haƙori. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce wai digiri bai sa nama ba ke nan, sai gilashi. Muna zaune tana kaɗa fura sai na ji ƙarar inji a bayan katanga, irin ƙarar da ni da kai ba za mu manta ba. Ta ce e, shi ne. Ta ce Ɗanladi, wanda ta sani tun yana yawo ba wando, ya maido injin niƙa dutsen zinari cikin gari, kamar ba da shi aka yi ta haƙa ƙananan kaburbura shekara takwas da suka wuce ba. Ta nuna mini faifan da take rufe fura, ta ja yatsa a kai, ta nuna mini ƙurar dutsen da ta hau yatsan. Ka san jikokinta biyu, Dija da ƙaninta, a mako ɗaya suka tafi waccan shekarar. Ta ce ta je wurin mai gari, mai gari ya yi ta kallon ƙasa kamar wanda allurarsa ta faɗi. Ta ce dalilin ba ɓoyayye ba ne: duk Alhamis mutanen daji na zuwa a kan babura su sauka gidan Ɗanladi, su karɓi rabonsu, shi ne kuma ke gaya musu wanda ya sayar da sa da wanda ɗansa ya dawo daga ci-rani. Sai ta kama wuyan hannuna, ta ce wagga magana ta kunne ce ba ta takarda ba, don ta san mu ɗiyan boko, ko atishawa mutum ya yi sai mun rubuta ranar da wata. Na yi dariya, na yi mata alkawari.

Washegari da na dawo Anka na rubuta. Ba ni da hujjar da zan ba ka sai wadda aka koya mana a jami'a, cewa abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Na rubuta da kalmominta, da sunanta a sama, da sunan Ɗanladi, da ranar Alhamis, ban rage ko wandon ba. Na sa masa alamar daftari, wadda ke sa manhajar ta tsallake fayil idan tana gini, na ce wa kaina ajiya ce kawai. A makon nan kuwa na ƙera wani sabon ado, ɗan akwati mai jan layi a gefe da maganar mata za ta riƙa fitowa a ciki, kuma ba maganar da nake son gani a cikinsa kamar tata. Sai na umarci manhajar ta gina har da daftari, don in kalla a kan kwamfutata ni kaɗai. Ya yi kyau ƙwarai, Yaya. Ina cikin kallo sabis ya zo da ƙarfi irin wanda bai saba ba, ni kuma ina da gyare-gyaren da suka kwana biyar suna jiran ɗorawa. Ka san yadda muke yi a nan, idan sabis ya zo ba a tsayawa tunani. Na danna. Abin da ke cikin tanda shi ya tafi.

Bayan kwana biyu na ɗora sabon labari, fuskar shafin ta sake, sunan Gwaggo ya ɓace daga gaba tun kafin in lura ya taɓa hawa. Bayan mako guda zuciyata ta dame ni, na goge daftarin daga kwamfutata, na ji kaina mace mai cika alkawari. Amma labarinta na can a rumbu, don na cire mai shara. Shafin Tungar Dikko ma yana can, kuma tunda ba wani labarin ƙauyen sai nata, ba ginin da ya sake bi ta kansa balle ya danne shi. Kusan wata biyu yana zaune, ni ina nan ina gyara launin layi.

Jiya da la'asar Sa'a ta zo daga Bukkuyum, ko gyale ba ta cire ba ta ja ni bayan ɗaki. Ta ce ranar Lahadi tana rumfar masu cajin waya a tashar Bukkuyum, wasu direbobi biyu na tsokanar juna. Ɗaya ya ce wa ɗayan ai ƙauyensu ko intanet ba ta san da shi ba, ko aljani sai ya yi tambaya kafin ya kai. Wancan, ɗan Tungar Dikko, ya ce a tsaya a gani, ya rubuta sunan garinsu a waya. A duk faɗin duniya wuri ɗaya ne ke da wannan suna a rubuce, kuma ya buɗe nan take, da sandar sabis ɗaya, kamar yadda na sha wahala na koya masa. Ya fara karantawa da ƙarfi yana taƙama. Sa'a ta ce da ya kai wurin wando rumfar ta kece da dariya, wani har yana cewa wallahi wannan bakin Marka ne, ko a kabari ya ji shi zai gane. Da ya kai Alhamis sai muryarsa ta yi ƙasa, ya ƙara layi ɗaya, ya tsaya. Ya sa wayar a aljihu. Ta ce nan take kowa ya tuna da wani aike da aka yi masa. Ta ƙirga mutum tara, ban da mai rumfar. Kafin su watse ta ji wani da ba ta sani ba yana ce wa direban ya tura masa abin a wayarsa.

Abin da na yi bayan na ji, ka riƙe shi ka riƙa yi mini gori har tsufa, na yarda, in dai mun kai. Na shiga ɗaki na buɗe kwamfuta na goge jakar shafin dukanta, na bi ta kwandon shara na sake gogewa. Sai da na gama na zauna sannan na tuna mabuɗin da ka ba ni na shiga rumbu a cikin jakar yake. Na goge komai ban da abin da ya kamata. Na gwada shiga ta babbar ƙofa, aka ce an tura lamba zuwa wayar mai asusun, wato kai, can bayan teku. Na buɗe shafin a wayata, ga shi nan lafiya lau, jan layinsa a gefe, haruffansa duk sun lanƙwashe yadda ya kamata.

Ba sai na gaya maka abin da ake yi wa wanda aka ce ya kai rahoto ba. Ko da yake kai ka tafi tun abin yana satar shanu, yanzu ya wuce nan. Da daminar nan a wani ƙauye kusa da Tungar Dikko, wani dattijo nuna wa baƙi hanyar rijiya kawai ya yi, aka ce da jami'ai yake magana. Mutanen garin ba su samu yi masa sallah ba sai bayan kwana biyu. Gwaggo kuwa ba hanyar rijiya ta nuna ba. Na san gogewar ba za ta shiga kunnen mutum tara ta ciro abin da suka ji ba. Amma maganar tasha ana iya musunta ta, a ce sharrin direbobi ne, a ce tsohuwa ce ta fara ruɗewa. Abin da ba a musuntawa shi ne a zaro waya a zauren Ɗanladi ranar Alhamis, a danna, ya buɗe da sunanta a sama. Ina so idan an danna a tarar da wayam.

Don haka kada ka tsaya neman fayil ɗaya, kada ka ce bari ka ajiye mini sauran. Na san halinka, za ka ce aikin shekara uku ne, labari arba'in da ɗaya, a yi a hankali. Ban san me kuma na bari a can ba, tunda tun ranar da na cire mai shara ba abin da ya taɓa fita. Ka kwashe duka, ka rufe sunan shafin ma idan ana rufewa. Idan ka gama ka gwada da wayar Anti Nusaiba, ba da kwamfutarka ba, ka rubuta sunan ƙauyen kamar yadda direban ya yi, ka danna abin da ya fito ka ga ko zai buɗe. Kuna gabanmu da awa bakwai. Kullum abin haushi yake ba ni idan zan kira ka, yau kuwa ina ta lissafa shi, don Alhamis za ta riga isa wurinku, kada ka ɗauka akwai sauran lokaci.

Ni kuma yanzu zan kama hanya. Waya ba ta shiga Tungar Dikko sai an hau tudu, kuma duk saƙon da na aika sai ya bi ta bakin mutum uku kafin ya kai mata. Zan shiga mota zuwa mahaɗar Bukkuyum, daga nan Labbo mai mashin, wanda ke kai mu rigakafi, zai ƙarasa da ni. Niyyata in fito da ita yau in kai ta Gummi wurin Baffa Audu. Na yi tunanin in ce mata Baffa ne ba lafiya yana nemanta, sai na ga Gwaggo ba ta tashi don ƙarya, za ta ce ai wanta tun suna yara yake mutuwa duk sati. Gaskiya zan faɗa mata. Kuma in gaya maka, ina tsoron hanyar, tun jiya duk mashin ɗin da ya wuce ƙofar gida sai na tashi na leƙa, ka kuwa san Anka ba abin da ke wucewa sai mashin. Amma na fi tsoron lokacin da zan durƙusa gabanta in ce na rubuta. Da za ta zage ni da na ji sauƙi. Ina jin wuyan hannuna kawai za ta duba.

Na ce wa Inna aikin rigakafi ne zai kai ni Bukkuyum, kwana ɗaya. Idan Juma'a ta yi ba ka ji daga gare ni ba, Baffa Audu za ka kira, kada ka kira Inna. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san hannuna ya fi haka kyau.

Ka gaishe mini da Anti Nusaiba, ka ce ta yafe mini da na sa wannan kaya ya bi ta wayarta. Ka shafa mini kan Usama. Zainab da mijinta suna gaishe ku daga Talata Mafara, Rashida ta samu shiga makarantar ungozoma, ta ce in faɗa maka don ka san ba kai kaɗai ne mai karatu a gidan nan ba. Ka sa mu a addu'a, ka sa Gwaggo a gaba. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Uwani.

Na buɗe takardar bayan na naɗe. Ina ɗaura takalmi Inna ta shigo da jaka ta ajiye a gabana. Hijabi biyu ne a ciki, da hoce ƙulli biyu, da silifas ɗin da ba ƙafata ba. Ta ce in gaya wa waccan mai bakin kada ta tsaya ɗaure awaki ko kiran kaji, ta taho yadda take, kuma ba Gummi ba, nan, don ta share ɗakin Baba tun da asuba. Na tambaye ta wa ya faɗa mata. Ta ce mai kokon unguwa, jiya da safe, ita ma a wurin niƙa ta ji. Jiya da safe, Yaya, tun kafin Sa'a ta iso. Daga tashar Bukkuyum zuwa murhun Inna kwana ɗaya maganar ta yi, kuma Tungar Dikko ta fi Anka kusa.

Ta ce in ƙara a ƙasa cewa mutumin can ya yi sauri. Ta rako ni zaure, ta ce za ta rufe, kuma ba za ta buɗe ba sai ta ji muryar mata biyu a waje. A tsaye nake ƙarasa wannan, takardar na jikin katanga, Sa'a na miƙo hannu. Inna ta ja ƙyauren. Na ji sakata ta shiga. Na tafi.